Tambaya kan MIMIC-IV: zan iya binciken sepsis da shi?

Likitan Dare: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina shirin rubuta kundin kammala horon ƙwarewa, kuma ina so in duba lalacewar ƙoda ga masu sepsis (mummunan martanin jiki ga ƙwayoyin cuta, mai lalata gaɓoɓin ciki) a ɗakin kulawa ta musamman. Fayilolinmu na takarda ne, da yawa ma babu sakamakon creatinine, gwajin jinin da ke nuna aikin ƙoda, a ciki. An ba ni shawarar MIMIC-IV, bayanan majinyatan asibitin Beth Israel Deaconess da ke Boston waɗanda aka goge sunayensu. Wai da gaske kyauta ne? Kuma tunda babu sunaye, ina da buƙatar zuwa kwamitin ɗa'ar bincike?

Malamar Ƙididdiga: Wa alaikumus salam Dakta. Kyauta ne, amma sai ka yi rajista a PhysioNet, shafin da ke ajiye bayanan, ka yi kwas ɗin CITI na ɗa'ar bincike, ka sa hannu cewa ba za ka raba bayanan ba, ba kuma za ka nemi gano kowa ba. Kada ka firgita in ka ga an kwantar da mutum a shekarar 2150. An tura kwanakin gaba da gangan, tazarar da ke tsakaninsu ga majinyaci guda ce kawai take daidai. Duk wanda ya haura 89 an rubuta shi 91. Ka fara koyon SQL, harshen zaƙulo bayanai daga rumbun kwamfuta, tun yanzu, domin Excel ba zai ɗauki teburin gwaje-gwajen ba.

Tsohon Kwansaltan: Ƙanena, sauke bayanan ba shi ne wahalar ba. Abin da ke ciki rubutun abin da likita ya ga dama ya yi ne. Wa ake yi wa gwajin lactate, gwajin jinin da ke nuna tsananin ciwo, sau huɗu a dare? Wanda jikinsa ya tsananta. In ka jefar da duk wanda ba a gwada ba, ka jefar da masu sauƙi, ka zauna da masu nauyi. Haka maganin ɗaga ƙarfin jini in ya faɗi: za ka ga waɗanda aka ba su shi sun fi mutuwa, ba don maganin ba, don su ne dama suka fi jin jiki. Gare ka kuma akwai wata, da wuya ka tabbatar ƙoda ta lalace in ba ka san creatinine ɗin mutum kafin ya kwanta ba, shi kuwa sau da yawa babu shi. Yadda ka cike wannan gibin zai sauya adadin da za ka samu, don haka ka rubuta dokarka kafin ka ga sakamako.

Sannan majinyacin Boston ba namu ba ne. Mu taifot da zazzaɓin cizon sauro da matsalar haihuwa ke kawo mana su, yawanci matasa, kuma sun makara. Masu jarrabawa za su tambaye ka wannan, wallahi.

Malamar Ƙididdiga: Na manta batun kwamiti. Ka je, ko takardar sahalewa ce su ba ka. Goge suna ba ya wadatarwa: a 1997 Latanya Sweeney ta gano bayanan asibitin gwamnan Massachusetts, William Weld, ta hanyar haɗa ranar haihuwa da jinsi da lambar unguwa da rajistar masu zaɓe.

Likitan Dare: Na gode Malama, na gode ranka ya daɗe. Zan fara tuntuɓar mai duba aikina in ji ko kwalejin da ke ba mu horon tana karɓar bayanan waje. Wa ya taɓa buɗe MIMIC-IV ta BigQuery, dandalin Google na binciken bayanai ta intanet? Intanet ɗinmu ba zai iya sauke shi duka ba.