Wane suna za mu ba "milishiya" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Duk lokacin da aka ba da labarin ƙungiyoyi biyu masu makamai suna gwabzawa kan wani gari a yaƙin basasa, sai in ji kowa da sunan da yake kiran su: 'yan tawaye, 'yan bindiga, mayaƙan sa-kai. Mai sauraro ya rasa wa ke faɗa da wa.

Mu gwada su da Mogadishu, babban birnin Somaliya. Shugaban ƙasar, Siad Barre, ya tsere a Janairun 1991, kafin shekarar ta ƙare mutanen Janar Aidid da na Ali Mahdi sun juya wa juna makamai, har birnin ya rabu biyu, kudu da arewa. Ƙungiyarsu ɗaya, USC, wadda ta kori Siad Barre daga birnin. Tawaye kuwa sai da hukumar da za a yi wa. A lokacin babu tsayayyiyar gwamnati, to wa suka yi wa tawaye?

"'Yan bindiga" ba ta isa ba. Kunnen Bahaushe ɓarayi yake ji, alhali waɗannan suna da kwamandoji da manyan bindigogi, kuma mulki suke nema.

"Mayaƙan sa-kai" ce ta fi yawo, ita ce kuma ta fi damu na. Sa-kai yabo ne, sunan wanda ya fito kare mutanensa ba don a biya shi ba. A 2014 mayaƙan garuruwan Misrata da Zintan na Libiya suka shafe makonni, daga Yuli zuwa Agusta, suna ruwan rokoki kan filin jirgin saman Tarabulus. Jirage suka ƙone, rumbun man fetur ya kama da wuta, mazauna unguwannin kusa suka watse. Mayaƙan garuruwan biyu tare suka yaƙi Gaddafi a 2011, kuma da yawansu albashi suke karɓa daga baitulmalin Libiya. Matar da aka rusa wa gida ba za ta yarda a kira su 'yan sa-kai ba, ni ma ban yarda ba.

Shawarata ita ce "mayaƙan ɓangare". Mutum ɗaya, mayaƙin ɓangare; ƙungiyar, rundunar ɓangare; shugabansu, madugu. Sunan bai yabe su ba, bai zage su ba, ya dai faɗi wanda suke yi wa biyayya: ƙabila, ɗariƙa, gari, jam'iyya ko wani mutum guda, ba ƙasa ba.

Wani babban yayanmu ya ce ai sojan gwamnati ma kan zama ɓangare. Gaskiya ne, Yaya. Haka ta faru a Labanan a 1976, rundunar ƙasar ta dare, wasu sojojin suka koma bayan ƙungiyoyi. To daga ranar da soja ya bar tutar ƙasa ya bi ta ɓangare, sunan ya hau kansa.

Ga yadda za ta zauna a labari: "Mayaƙan ɓangarori biyu sun kwana suna gwabzawa kan filin jirgin sama." Masu aikin fassara a gidajen rediyo, ku karanta ta da ƙarfi, ku faɗa mini inda ta yi tuntuɓe.