Jerin fitilu a sama bayan magariba: wa ya san ko mene ne?

MaiBandaKusuri:
Salamu alaikum jama'a. Ni ɗan Kusuri ne, sana'ata banda, kifi nake saye a bakin kogin Logon in kyafa. Daren jiya bayan mun idar da magariba muna zaune a kan tabarma, sai wani yaro ya kwarma ihu yana nuna sama. Wallahi fitilu ne farare a jere, ɗaya bayan ɗaya kamar 'ya'yan carbi, sun taso daga yamma sun nufi wajen Injamena. Babu ƙara ko kaɗan, kuma ba sa ƙiftawa. Abin da ya fi ɗaure min kai, da suka kai tsakiyar sama sai na gaban ya ɓace, na bayansa ya zo daidai wurin shi ma ya ɓace, haka har suka ƙare. Nan take wani ya ce jirage marasa matuƙa ne na soja, wata tsohuwa ta hau salati tana cewa duniya ta zo ƙarshe. Ni dai ban yarda da batun soja ba, don mu nan mun san kukan jirginsu. Masana a taimaka.

Ɗan Marwa:
Wa alaikumus salam. Mu ma mun taɓa ganinsu a Marwa, har mutane suka yi ta ɗauka da waya. Aka ce na intanet ne, amma ban samu mai yi min bayani ba.

Malamin Lise, Garwa:
Alhaji, kwantar da hankalinka, kuma a gaya wa Iya ta kwantar da nata. Taurarin ɗan Adam ne na Starlink, mallakar kamfanin SpaceX na Elon Musk a Amurka, aikinsu raba intanet daga sama. Roka ɗaya ce ke ɗaukar su da yawa ta sake su wuri guda; rukunin farko da aka harba a watan Mayun 2019 guda 60 ne. Kwanakin farko suna tafiya a manne da juna, shi ne jerin da ka gani. Daga baya kowanne ya hau a hankali zuwa mazauninsa, wajen kilomita 550 daga ƙasa, su warwatse. Wato ka yi sa'a ne ka gamu da sababbin harbawa.

Batun ɓacewa kuwa, shi ne wanda ɗalibaina suka fi jin daɗinsa. Babu fitila a jikinsu. Hasken rana ne ke dukansu ya dawo mana. Lokacin da rana ta faɗi a Kusuri, can sama inda suke ba ta faɗi ba tukuna, saboda haka kai kana cikin duhu su suna cikin rana. Suna ci gaba da tafiya gabas sai su faɗa cikin inuwar duniya, hasken ya yanke. Tunda hanyarsu ɗaya, duk wanda ya iso bakin inuwar nan zai ɓace a daidai inda na gabansa ya ɓace. Shi ya sa ba a cika ganinsu da tsakar dare ba, sai bayan magariba ko gab da asuba. Gudunsu ya kai kilomita dubu 27 a awa, suna kewaye duniya cikin awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci.

MaiBandaKusuri:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. To amma in haka suke gudu, me ya sa kwanon Canal+ na gidana yake kallon wuri ɗaya tun da aka kafa shi?

Malamin Lise, Garwa:
Amin Alhaji. Wancan nasa daban ne. Tauraron talabijin yana can nesa, kusan kilomita dubu 36 a saman layin da ya raba duniya biyu, kudu da arewa. A wannan nisan, kewayensa ɗaya yana cin yini da kwana, daidai da juyawar duniya, sai ya zama kullum yana saitin wuri ɗaya. Nisan nan ne kuma ke sa intanet ɗinsa jinkiri, dalilin da ya sa su Starlink suka sauko ƙasa ƙasa, sai dai hakan ya tilasta musu harba dubbai don kada a bar giɓi.

Hajiya Injamena:
Ni abin bai burge ni ba sosai. Da muna yara kakarmu kan nuna mana Zara kusa da wata, da kaza da 'ya'yanta, da Gamzaki in asuba ta gabato. Yanzu jikata ta nuna min abu mai tafiya ta ce tauraro ne. Su kansu masu nazarin taurari suna ƙorafi, don abubuwan nan suna ja musu layi a hotunan da suke ɗauka, har kamfanin ya yi ta ƙoƙarin rage ƙyallinsu. Malam, in ka ga guda ɗaya tak mai haske ƙwarai yana ratsawa, shi ma nasu ne?

Malamin Lise, Garwa:
Hajiya, wannan galibi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ce, tana wajen kilomita 400, kuma tun watan Nuwamban 2000 ba ta taɓa zama babu mutum a cikinta ba. In yana ƙifta ja da kore, jirgin sama ne kawai. A nuna wa jikar Zara kafin hazon hunturu ya rufe sama.