Musayar Waƙa: 'Yan Wasa Ɗaya na Ƙungiyar Houston

Direban Houston

Assalamu alaikum 'yan zaure. Shekara tara ke nan ina jan tasi a garin nan, kuma rediyon mota ne ya sa mini son wasan besbol. Ga wanda bai san shi ba: ɗaya na jifa, ɗaya na riƙe da sanda, in ya maka ƙwallo sai ya ruga, tasha uku sannan gida. Ƙungiyarmu Astros ta fara a 1962 da sunan Colt .45s. Manyanta kowa ya san su. Ni yau waɗanda suka buga wasa ɗaya tak suka ɓace nake so mu waƙe. Na fara da John Paciorek, ranar 29 ga Satumba 1963, ranar rufe kakar wasa, da aka kara da ƙungiyar Mets ta New York.

Na fara da sunan Sarki Ɗaya,
In waƙe yaro mai wasa ɗaya.

Sha takwas ne shekarunsa a duniya,
Ran da Houston ta ce masa zo tsaya.

Sau biyar ya ɗau sanda, ba gajiya,
Ba a mai da shi benci ba ko ɗaya.

Uku ya maka, ƙwallo ta bi hanya,
Biyu suka ba shi kyautar tafiya.

Sau huɗu ya zago gida lafiya,
Uku ya kawo, fili ya ɗau hayaniya.

Sha uku da huɗu, Mets sun sha wuya,
Daga nan sai ciwo ya kama baya.

Bai sake taka babban fili ba, Yaya,
Littafi kuwa bai manta ba ko ɗaya.

Hajiya 'Yar Damagaram

Direba ƙanena, sannu da aikin dare,
Fasinja sun ƙare ne kake ta tsare-tsare?

Ka bar kokowa da dambe a zaure,
Kana yabon mai sanda a ƙetare.

Yini guda ba ya sa a ɗaure
Rawani ga yaro, ko da ya ƙware.

Sa'a ce ta zo gidansa ta tare,
Da ya ƙara mako da rufi ya kware.

Direban Houston

Hajiya, na ji ki kuma na gane ki,
Ba ki taɓa jin nauyin sandar ba a hannunki.

Dubban samari na ta faman aiki,
Su tsufa a ƙaramin rukuni ba biki.

Shi ya shiga da ciwon baya a jiki,
Ya yi abin da ya ba manya mamaki.

Likita ya yanka, wasa ya ja birki,
Ke kina daga inuwa kina ta tsaki.

A 1964 aka yi masa aikin ƙashin baya, Hajiya. Ya yi ta fama a ƙananan ƙungiyoyi har 1969, bai dawo sama ba. Wannan ba mai jiran sa'a ba ne.

Ɗan Zongon Kumasi

Hajiya ta faɗi gaskiya wallahi,
Yaya Direba ka yi haƙuri ka sha shayi,
Wasa ɗaya ba wasa ba ne a wurina ko kaɗan,
Hajiya ke ce sarauniya.

Malam Mai Aruli

Ɗan Zongo, Allah ya shirye ka. Ɗango huɗu, ƙafiya huɗu, kowace ta kama gabanta kamar awakin da aka kwance. Kai kuma Direba, na ƙirga: kalmar "ɗaya" sau huɗu ka rufe ɗango da ita a baiti bakwai. Wanda ya maimaita ƙafiya haka ya nuna rumbunsa ya ƙare. Kuma ɗangon "fili ya ɗau hayaniya" ya fi abokinsa tsawo da gaɓa biyu. Ta Hajiya ta fi zama a kunne, ko da yake ɗangonta na biyu ya yi jela.

Direban Houston

Allah gafarta Malam, waƙar a kan mai wasa ɗaya ce. In "ɗaya" ba ta dawo ba, me zai dawo?

Gwanin Rima

Ku bar gardama, ku ji wagga. Direba, naka ai ya ci ya sha. Ga wanda ya fi shi ban tausai, kuma ɗan ƙungiyarku ne: Larry Yount, 15 ga Satumba 1971, a Astrodome, filin wasan Houston mai rufi, zagaye na tara, ana karawa da Atlanta.

Ku gyara zama, ga ni da kaina,
Biyar-biyar nika zuba baitina,
Direba, naka ya ga hasken rana,
Ni nawa ko ƙwallo ɗaya, ɗan'uwana,
Bai jefa wa mai sanda ba.

Sunansa ya fito a lasifika,
Ya hau tudun jifa, buri ya cika,
Shina ɗumama hannu, zafi ya soka,
Gwiwar hannu ta ce mai dakata haka,
Ba za ka yi jifan yau ba.

Da wani ne da ya ɓoye gaskiya,
Ya cije ya jefa ko da da wuya,
Shi ya kira su ya ce ba lafiya,
Ya sauka shina zaton gobe da hanya,
Goben ba ta zo mai ba.

Ƙanensa Robin ya yi ashirin na shekara,
A Milwaukee, bugu dubu uku ya tara,
Ɗaki guda anka raine su suna yara,
Rabo ba a saye, kuma ba a ara,
Yayan bai wuce bakin ƙofa ba.

Tun da an riga an sanar da sunansa, doka ta rubuta mai wasa ɗaya. Robin kuwa bugu 3,142, kuma a 1999 anka sa shi zauren gwanaye.

Hajiya 'Yar Damagaram

Yauwa! Yanzu aka yi waƙa. Gwani, Allah ya ƙara basira.

Ga namijin da ya cancanci yabo,
Ya ji ciwo ya faɗa, bai ɓoye tabo.
Direba, naka ya yi kwana da rabo,
Wannan gaskiya ya riƙe, ita ce sabo.

Ɗan Zongon Kumasi

Gwanin Rima ba kamarka! Hajiya da Gwani sun gama zauren nan, saura su koma makaranta.

Direban Houston

Ɗazu wasa ɗaya ba ya ɗaura rawani,
Yanzu marar jifa kin naɗa shi gwani.
Hajiya, ma'auninki yana da rauni,
In Rima ta zo sai ya canza launi.
Kai kuma Ɗan Zongo, ɗan amshin wani,
Koyi ƙafiya kafin ka taɓa ni.

Kada a fahimce ni ba daidai ba, Yount namu ne, kuma duk lokacin da na tuna shi zuciyata na sosuwa. Shekararsa 21. Amma kada a ɗaga shi don a danne Paciorek.

Malam Mai Aruli

Gwani, tahamisinka ya burge jama'a, amma a wane kari yake? Na auna baiti na farko ya yi kamar zai bi rajaz, na biyu ya kauce, na huɗu kuwa "Milwaukee" ta karya masa ƙugu. Ƙwar biyar ba tara layi biyar ba ne kawai.

Gwanin Rima

Malam, tun da munka buɗe wanga zaure ba mu taɓa ganin baitinka ba, sai jan biro. Mai awon hatsin mutane, ina naka buhun? In akwai, a kwance shi.

Malam Mai Aruli

To, bismilla. A mutadarik, ku auna da yatsa. Kwana biyu kafin wasan Paciorek, ranar 27 ga Satumba 1963, Houston ta fito da sababbin yara zalla a fili, cikinsu har da Joe Morgan da Rusty Staub da Jimmy Wynn, waɗanda suka yi suna daga baya. Mets ta ci su 10 da 3. Wanda ya fara jifa a ranar shi ne Jay Dahl.

Ku tsaya ku ji ni, ya 'yan waƙa,
Da awo muka san mai yin waƙa.

Jay Dahl yaro, tamkar shuka,
Sha bakwai ne shi, aka ce ɗauka.

Ga ƙwallo, je ka tare duka,
Suka ci shi bakwai, aka ce sauka.

Damina biyu tak, sai ga kuka,
Haɗarin mota, ajali doka.

Sha tara ne shi, hanya ta ɗauka,
Wa ke tuna shi in ba waƙa?

A watan Yuni 1965 ya rasu a jihar Karolina ta Arewa, yana ƙaramar ƙungiya yana neman hanyar dawowa. Zagaye uku ma bai cika ba a wancan wasan, kuma shi ke nan abin da ya samu.

Hajiya 'Yar Damagaram

Kai. Wannan ya taɓa ni, Malam. Autana shekararsa sha bakwai, jiya-jiya na gama yi masa faɗa a kan barin kwano a tsakar gida. A ce irinsa aka tsayar gaban manya, jama'a na kallo, ana ta dukan jifansa. Ina uwarsa take zaune a ranar? Na janye maganar rawani a kan wannan kam.

Gwanin Rima

Labarin ya yi nauyi, ba musu. Amma Malam, kai da ka ƙirga wa Direba "ɗaya", ga "waƙa" sau uku, ga "ɗauka" sau biyu. Kuma "ƙa" da "ka" harafi ɗaya ne? Mai lanƙwasa daban, marar lanƙwasa daban.

Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi,
Awo ya zauna, ƙafiya ta yi kwaɗayi? A'a, ta faɗi.

Malam Mai Aruli

Ga shi nan, ko baitin martaninka sai da ya yi tuntuɓe a tsakiya. "Ƙa" da "ka" maƙwabta ne a maƙoshi, magabata sun haɗa su ba sau ɗaya ba. Maimaici kuwa iri biyu ne: na farko buɗewa ce, na ƙarshe rufewa, da gangan na yi.

Direban Houston

Nawa ma da gangan ne, Malam!

Gwanin Rima

Kuma "hanya ta ɗauka" a baitin ƙarshe, auna ta da yatsan naka. Gaɓa ta yi yawa.

Malam Mai Aruli

Zihafi ne, kuma halal ne a wannan kari.

Gwanin Rima

In naka ne zihafi, in namu ne karaya. Mun ji.

Ɗan Zongon Kumasi

Ni dai Gwani nake bi. Malam ka bar mu mu sha iska.

Mai Kula da Zaure

Jama'a, saƙo goma a kan harafi ɗaya. Mai son aruli ya buɗe masa wani zare. A nan a dawo kan 'yan wasa, kuma da baiti. Ɗan Zongo, a riƙa girmama Malam.

Ɗan Zongon Kumasi

Malam a yafe mini. Na je na yi shiri, ga nawa. Eddie Gaedel, wada ne, tsawonsa ƙafa 3 da inci 7, St. Louis Browns ta sa shi ranar 19 ga Agusta 1951, lambar rigarsa 1/8.

Gajere ya zo da sanda a hannu,
Mai jifa ya rasa inda zai sa a sannu,
Huɗu suka wuce sama, ya tafi tasha,
Washegari aka soke takardarsa, kaico, sannu.

Da ya rasu a 1961, Bob Cain na Detroit, wanda ya yi masa jifan, ya je jana'izarsa. Wannan ne ya sa na zaɓe shi.

Hajiya 'Yar Damagaram

Ɗana, ka fara jin ƙanshin ƙafiya,
Uku sun haɗu, ɗaya ta ɓata a hanya.
Mai jifan nan ya san zumunta da amana,
Ni ma ka ga tawa ta kauce, ɗana.

Direban Houston

Ku yi haƙuri da jinkiri, kwana biyu ina kan titi. Ɗan Zongo, naka ɗan St. Louis ne, mu na Houston muke yi, amma na karɓa don zuwan Cain jana'iza.

Daren jiya na sauke wani dattijo kusa da Astrodome. Astros ta bar ginin a ƙarshen 1999, yanzu yana nan a rufe, duhu ne a cikinsa. Na ce masa ko ya san Colt Stadium, tsohon filin da yake dab da nan kafin a buɗe wannan a 1965. Sai ya saki murfin motar da ya riƙe ya koma ya zauna. Ya ce yana yaro babansa ya kai shi, abin da ya fi tunawa zafi ne da sauro, har ya nuna mini bayan hannunsa kamar cizon yana nan. Na ambaci Paciorek, ya gyaɗa kai. Na ambaci Dahl, ya yi shiru ya ce bai san shi ba. Tsohon filin ma an kwance shi an kai Meziko. Bayan ya tafi na kashe inji na rubuta wannan a bayan rasit:

Filin da suka taka an kwashe,
Fitilun ginin nan duk an kashe.

Paciorek ya koma koyar da yara,
Motsa jiki, Kalifoniya, shekara da shekara.

Yount ya koma harkar filaye da gini,
Dahl yana ƙasa tun kafin a haife ni.

Hajiya, ban roƙa musu rawani ba,
Suna kawai, kada a ce ba su zo ba.

Malam, ƙafiyar kowane baiti daban take, na sani, a mota na yi.

Malam Mai Aruli

Na gani. Baiti na ƙarshe ya zauna daram. Na biyu kuwa "Kalifoniya" ta yi masa yawa, ka cire "shekara" ɗaya.

Gwanin Rima

Kada ka cire komai, Direba. Malam, mu haɗu a wancan zaren, har yanzu ba ka amsa mini zancen "ƙa" ba.

Hajiya 'Yar Damagaram

Ƙanena, in ka sake ɗaukar dattijon, ka karanta masa baitocin Malam a kan Dahl, ka fassara masa. Sannan ka zo ka faɗa mana abin da ya ce.