Wace kalmar Hausa za mu ba "appeasement"?

Mai fassara: Assalamu alaikum malamai. Ina fassara darasi kan musabbabin Yaƙin Duniya na Biyu, kalma ɗaya ta ƙi ba ni hanya: appeasement. Sunan siyasar da Birtaniya da Faransa suka bi da Hitila ke nan kafin 1939, duk abin da ya miƙa wa hannu a sakar masa, wai in ya ƙoshi zai zauna lafiya. A 1936 ya shigar da soja yankin Rhineland na yammacin Jamus, abin da yarjejeniyar Versailles ta bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta hana, aka yi shiru. A Maris 1938 ya haɗe Ostiriya da Jamus, aka yi shiru. A ƙarshen Satumba aka zauna a birnin Munich na Jamus aka yanka masa yankin Sudetenland daga jikin Cekoslobakiya. Na sa "sulhu" tukuna, amma raina bai kwanta da ita ba.

Malamin Islamiyya: Wa alaikumus salam. Cire sulhun nan, ɗana. Bahaushe in ya ji sulhu, ayar Suratun Nisa'i ce ke faɗo masa, cewa sulhu alheri ne. Kuma sulhu sai masu rigimar sun zauna. Su wa suka zauna a Munich? Firaminista Chamberlain na Birtaniya, Firaminista Daladier na Faransa, Hitila da Musolini na Italiya. Wakilan ƙasar da ake yankawa suna cikin garin, ba a ba su kujera ba, sai da aka gama aka kira su aka karanta musu. Malamanmu sun raba abu biyu: mudara da mudahana. Mudara ita ce ka sassauta wa mai sharri da abin duniyarka don ka tsira da abin da ya fi shi. Mudahana kuwa ka sarayar da gaskiya don a bar ka ka sha iska. Ni mudahana na gani a nan.

Malamar tarihi: Allah ya gafarta Malam, bambancin ya yi kyau, sai dai mudahana ta riga ta yanke hukunci, mu kuma suna muke nema. A 1938 kalmar nan ba zagi ba ce, masu siyasar da bakinsu suke kiran ta haka. Da Chamberlain ya sauka daga jirgi ranar 30 ga Satumba, jama'a tarbarsa suka yi da murna, har Sarki George na Shida ya fito da shi barandar fadar Buckingham. Daladier ma tafi aka yi masa a Paris.

Kuma ba hauka suke ba. Shekara 20 kacal da gama yaƙin farko, wanda ya ci wa Faransa soja kusan miliyan 1.4, Birtaniya fiye da 700,000. A rana ɗaya, 1 ga Yuli 1916, sojan Birtaniya sama da 19,000 suka mutu a fagen dagar Somme a Faransa. Zawarawan da marayun da guragun suna nan da ransu, su ne masu jefa ƙuri'a. Sun ga abin da jiragen Jamus suka yi wa garin Guernica na Sifen a 1937. A makon Munich ɗin ana haƙa ramukan ɓuya a lambunan Landan, ana raba wa mutane abin rufe fuska saboda iskar guba. Da yawa kuma suna ganin Versailles ta matsa wa Jamus fiye da kima, ga shi mutanen Sudetenland wajen miliyan 3 Jamusanci suke yi. Shugaban da aka ce masa ya zaɓa, ko ya ba da yankin wata ƙasa ko ya tura 'ya'yan mutane kabari karo na biyu, ba ƙaramin tsaka mai wuya ya shiga ba. Ina son kalmar da ɗalibi zai karanta ya fara jin wannan nauyin kafin ya kai ga la'anta.

Ɗalibi daga Damagaram: Malama, a wajenmu Faransanci ya ma fi zafi, har yau in an ce wa ɗan siyasa munichois, wato ɗan Munich, an kira shi matsoraci. Ni "toshiyar baki" nake gani, don kullum da kayan wani ake biya. Da Italiya ta auka wa Habasha a Oktoba 1935, Hoare, ministan harkokin wajen Birtaniya, da Laval, firaministan Faransa, suka ƙulla a asirce su ba Musolini babban yanki na ƙasar, sai da jarida ta tona Hoare ya sauka. Jamus kuma tana neman a mayar mata da Kamaru da Togo da sauran ƙasashen da aka ƙwace mata, kuma a Maris 1938 jakadan Birtaniya a Berlin ya kai wa Hitila tayin kaso a tsakiyar Afirka. Bai ko kula tayin ba. Da ya karɓa, Afirka ce za ta biya.

Hajiya, tsohuwar ma'aikaciyar rediyo: Yaro ka kawo tarihi mai amfani, amma kalmarka ba ta zauna ba. Toshiyar baki cin hanci ce, a ɓoye ake ba da ita don a rufe magana. Munich kuwa a gaban 'yan jarida aka ɗaga takardar. Mudahana ta Malam, in ka faɗe ta a labaran ƙarfe bakwai, mai shayi sai ya tambayi na kusa da shi me aka ce.

Mu duba namu na gida. Rarrashi na yaro ne ko wanda aka ɓata wa rai, akwai tausayi a ciki, babu wanda ya ji tausayin Hitila. Lallami kuwa mai yin sa ne ke cin riba, da lallami kake raba mutum da abin hannunsa, a nan kuwa su aka raba da nasu. Saura lallaɓawa. Ana lallaɓa mai faɗa, ana lallaɓa mara lafiya, ana lallaɓa tsohuwar mota ta kai gari. Akwai tsoro a ciki, akwai jan lokaci, kuma kalmar ba ta yi alkawarin za a kai garin ba. Ni "siyasar lallaɓawa" zan karanta.

Malamar tarihi: Hajiya kin gama magana. Jan lokacin nan shi ne hujjar masu kare Chamberlain har gobe: a 1938 jirgin yaƙin Birtaniya Spitfire bai daɗe da shiga aiki ba, tashoshin hango jirage na bakin teku ba su kammala ba. Masu suka kuma su ce ai Jamus ta fi cin moriyar shekarar, don ta sami ganuwar tsaron Cekoslobakiya ba harbi, ranar 15 ga Maris 1939 ta shiga Prague, babban birnin ƙasar, ta gaji masana'antar makamai ta Skoda, da tankokin da ta yi amfani da su a Poland da Faransa. Churchill tun Oktoba 1938 ya faɗa a majalisa cewa kaye ne aka sha. Duka ɓangarorin biyu za su iya cewa "an lallaɓa Hitila" ba tare da wani ya ji an zage shi ba.

Malamin Islamiyya: Na karɓa, da sharaɗi. Inda marubucin yake zargi, ɗana, kada ka bar ta tsirara. Ka ce "lallaɓa azzalumi", a san inda ya dosa.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Ga yadda jimlar ta fito: "Siyasar lallaɓawa ta mutu ranar da sojan Jamus suka shiga Prague, a ƙarshen Maris ɗin Birtaniya ta yi wa Poland alkawarin kariya, kuma da Hitila ya auka mata ranar 1 ga Satumba 1939, kwana biyu tsakani Birtaniya da Faransa suka shelanta yaƙi." Za ta yi mini amfani a labaran gida ma, don in jaridun Turanci suka kira zaman da ake yi da 'yan bindiga appeasement, mu kan juya shi "sulhu", sai zargin ya ɓace a hanya. Saura masu yin ta, appeasers. Masu lallaɓawa?

Hajiya: Ya yi tsawo a baki. 'Yan lallaɓa.