Ƙusoshin mazaunin saiti sun ƙi fita, a taimaka da shawara

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar bindigar farauta da muka gada wurin marigayi mahaifinmu, takardar izininta na hannuna, don haka kada mu tsaya nan. Ta faɗo daga kan babur a hanyar Madarumfa, saitin gaba ya lanƙwashe hagu, shi da zoben da yake zaune a kai. Ƙusoshi biyu ne, irin waɗanda ake kira gupil, suka ratsa zoben ta ƙarƙashin bututun. Ina so in cire zoben duka a miƙar da shi.

Ƙanena ya riga ni gwadawa. Ya ɗora bindigar a cinya, ya sa ƙusar kafinta da ƴar guduma ya yi ta ƙwanƙwasa. Yanzu kan guda ya baje, guda kuma ko motsi ba ta yi ba. Na jiƙa wurin da gazuwal, tsatsa ta ɗan fito ja-ja a tsumma, amma shiru. Wani mai sudur a Sabon Gari ya ce in kawo ya hura mata wuta ta yi ja, ni kuwa raina bai kwanta ba. Wa ya taɓa irin wannan aiki?

Mai injin tur:
Wa alaikumus salam. Da farko ka tabbata babu harsashi a ciki, ka kuma cire ƙotar ka ajiye gefe, bugu yana tsaga tsohon icce.

Ina zargin ƙusoshin nan masu tsini ne, ba miƙaƙƙu ba. Irin waɗannan gefe ɗaya ya fi kauri, kuma ta hanya ɗaya kawai suke fita. A ma'aunin milimita sirancewar 1 cikin 50 ce, a na inci 1 cikin 48. Ma'ana ƙusa mai tsawon milimita 20, bambancin kanta biyu bai wuce milimita 0,4 ba. Ido ba ya kama wannan, balle da tsatsa a kai. In aka buga ta gefen kaurin, ƙara cusa ta ake yi, kowane bugu na ƙara mata zama. Ka ari piye a kulis, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, wurin bakanike ka auna kowane kai, hagu da dama. Ƙaramin kai shi ake bugu. Kada ka dogara da cewar wai kullum daga hagu zuwa dama ne: haka yake a bindigogi da yawa, amma wadda ta shekara arba'in tana yawo hannun masu gyara, ma'auni kaɗai zai gaya maka.

Kan da ya baje kuma sai ka share shi da magagari har ya yi daidai da zoben. In ba haka ba ya zama riɓe, ba zai bi ramin ba.

Maƙerin Tibiri:
Yaro, abin da mai tur ya faɗa gaskiya ne, amma ni cinyar nan ta fi damuna. Ƙarfin gudumar duka cikin naman ƙanenka ya tafi. Kamar daka gero ne da turmi bisa katifa.

Samo guntun icce mai tauri, in ka sami kirya ya fi. Huda rami ƙarami a ciki, ka aza iccen bisa maƙera ko daɓen siminti. Zoben saitin ne zai kwanta bisa iccen, daidai ramin, yadda ƙusa za ta sami inda za ta faɗa. Wani ya riƙe maka bututun kada ya yi tsalle. Ƙarfen da za ka fara da shi gajere ne, mai kauri, bakinsa shafaffe. Dogo siriri lanƙwashewa yake, ko ya karye ya tashi ido, saboda haka sa gilashi. Guduma ta kai rabin kilo ko fiye. Bugu ɗaya mai kyau, ba ƙwas-ƙwas ɗari ba, ƙananan bugun su ke baje kai. Za ka ji sautin ya sake in ta saki. Daga nan siririn ya ƙarasa turo ta.

Wutar mai sudur kuwa, a'a. Ni da wuta nake cin abinci, amma ba na ja da bakin bindiga. Baƙin jikinta zai ƙone, ƙarfen na iya canza hali, in kuma akwai dalma a haɗin ta narke tun bai kai digiri 200 ba.

Bakaniken Ali Ɗan Sofo:
Ƙari kaɗan. Haska da tocilan waya ka duba ko ƙusar na da rami a tsakiya da tsaga a gefe. In haka ne ta ƴar sifirin ce, wato naɗaɗɗen ƙarfe mai matsewa da buɗewa, ƙusar kafinta buɗa ta take yi ta ƙara kamawa. Kuma gazuwal bai kai man giyar mota na otomatik gauraye da asitan (ruwan goge fenti) rabi da rabi shiga lungu ba. Ɗiga, bar shi ya kwana. Ka ja layi da allura a zoben da bututun kafin ka cire, don mayarwa.

Ɗan Bagalam:
Na gode ƙwarai. Ba su da rami. Na auna, na hagu ne ƙananan, ashe ta dama aka yi ta bugu. Baba, na bi yadda kuka ce, da iccen kirya a bisa siminti, ta gaba ta fita da bugu na biyu. Ta bayan, mai bajajjen kan, har yanzu tana nan. In huda ta?

Mai injin tur:
Kada ka huda da injin hannu. Meshi, wato ƙarfen hudar, na zamewa ya ci gefen ramin ko ya shiga bututun, daga nan sabuwar ƙusa ba za ta ƙara kamawa ba. Tunda bajewar ta gefen kaurin take, ba ita ta tare ba, cusawar da aka yi ce. Ƙara mai, bar ta kwana, ka sake bugu ta hagu da guduma mai nauyi. In ta ƙi, kai bututun wurin mai injin huda na tsaye, a ɗaure shi cikin eto, wato matsefin ƙarfe na kan teburi, a fara da meshi wanda bai kai kaurin ƙusar ba. Ita ta gaban da ta fita, adana ta daban ka san raminta, don kowace da zurfin da ta saba zama.