Buhunan baikon kaka sun ragu a hannuna, ga Fada na zuwa duba littafi

Ɗanladi:
Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Sumaila, ba zan faɗi sunansa ba don akwai 'yan garinmu a nan. Cocinmu na Katolika ne, ƙaramin reshe. Inda Fada, wato limamin cocinmu, yake zaune a babur ma sai an yi kusan awa ɗaya, in damina ta zauna kuwa rafi ne ke raba mu da shi. Fada ɗaya ne, rassan da ke hannunsa sun fi goma, don haka sau ɗaya muke samun Mas, babbar sujadar da Fada kaɗai ke jagoranta, a wata, wani lokaci sai an yi mako shida. Sauran Lahadin Katikis, mai koyar da addini da ke tsaya wa Fada a ƙauye, shi ke riƙe da mu. Shi zai buga tsohon ƙarfen tayar motar da muka rataye a jikin darbejiya tun ƙarfe bakwai, shi zai yi karatun ranar, ya yi wa'azi, a yi baiko, wato sadakar coci, a tashi ba a karɓi jibin Ubangiji ba. Laraba da yamma koyarwar masu shirin baftisma, Alhamis Zumuntar Mata, Asabar mawaƙa da shara, yanzu da muke cikin Azumi kuma kowace Juma'a akwai Hanyar Gicciye. Duk shi ne. Ko rasuwa aka yi shi ke kai gawa, Fada sai daga baya ya zo ya yi Mas.

Kakana yana cikin waɗanda suka fara karɓar baftisma a garin, shi ya ba da filin da aka gina cocin. Ginin ƙasa ne, dakali muke zama a kai, kwanon rufin kuma tun ina yaro shi ne. Ɓangaren mata ne ya fi yoyo. Bara da ruwa ya tsuge ana tsakiyar karatu sai da matan suka dawo ɓangaren maza da goyonsu, wata tsohuwa ta kifa kwanon baiko a ka. Mahaifina ya riƙe ma'aji shekara goma sha ɗaya ba a taɓa jin kansa da kowa ba, shi ya sa da ya rasu aka ce ni zan gaje shi, ban nema ba.

To, a godiyar kakar da ta wuce mun tara buhu goma sha huɗu: masara takwas, dawa huɗu, waken suya biyu. Kwamiti ya ce kada a sayar a kaka da hatsi ba daraja, a ajiye sai bazara farashi ya ɗaga, a sayi kwano kafin ruwan fari. Na zuba ƙwayar maganin ƙwari, na kulle ɗakin bayan coci, makulli yana wuyana. Bayan Kirsimeti matar Katikis ta kwanta, asibiti suka ce sai an yi mata aiki. Ya zo mini da dare, ya tsaya a bakin zaure, ya ce in ara masa buhu uku na masara. Na buɗe na ba shi. Ban rubuta ba, ban gaya wa shugaban kwamiti ba.

Lahadin da ta wuce aka karanta sanarwa cewa Fada zai zo Lahadi ta sama, zai saurari masu furta zunubi saboda Ista, sannan zai duba littafin kowane reshe ya ƙirga abin da ke ajiye. Katikis ne ma ya karanta da bakinsa, ko kallona bai yi ba. Wani abokina ya ce in rubuta ƙwari sun ci. Ni dai tun ranar da na ba shi buhunan ban ƙara karɓar jibi ba. Gaba kura baya sayaki. Yaya zan yi?

Malam Bitrus:
Ɗana, tun kafin Kano ta zama Dayosis a 1999, zamanin Bishop Sheehan, nake riƙe littafin kuɗin coci, don haka ka saurare ni. Abin da ka yi ba aro ba ne. Mai abu ne ke ba da aro, kai kuwa ajiya aka ba ka. Dokar Ikilisiya ta 537 ta ce kowace farish, wato cocin da Fada ke zaune da rassanta, sai ta kasance da kwamitin kuɗi da zai taimaki Fada, ba don ado aka sa ta ba, don irin wannan ranar ce. Makulli ɗaya a wuyan mutum ɗaya, ba sa hannun kowa, wane irin tsari ne wannan? Gobe da sassafe ka hau babur ka je gidan Fada ka faɗa masa da bakinka kafin ya zo ya gani da idonsa. Maganar ƙwari kuma ka binne ta. Ƙwari ba sa cinye buhu har da ledarsa.

Maman Ladi:
Hmm. Maza ke nan. Mu a Zumuntar Mata in naira ɗari biyu ta ɓace sai an tsayar da ma'aji gaban kowa ta rantse. Shekara biyu ke nan muka tara kuɗin anko a reshenmu, har yau ba zane ba kuɗi, shugabar kuma matar ɗan kwamiti ce, wa zai yi magana? Kuma ku lura, ɓangaren mata ne ke yoyo. Da a kan maza ruwan ke zuba da tuni an sayi kwanon ko da bashi ne.

Yohanna ɗan Katikis:
Malam Bitrus, da girmanka, daga Sabon Gari kake magana. Babana ma, a namu yankin, ya yi shekara talatin da biyu yana aikin katikis, ƙauye uku yake zagawa a keke, daga baya a babur. Abin da ake ba shi a wata ko kuɗin mai bai kai ba, balle tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ranar da ya kwanta ciwo akuyoyin mahaifiyarmu muka sayar, coci ta aiko da sabulu sanda biyu da addu'a. Paparoma Francis ya ɗaga aikin katikis ya zama hidima ta musamman a 2021, mun ji mun yi murna, amma takarda ba ta sayen magani. Mutumin da ya yi wa 'ya'yanku koyarwar baftisma, ya binne iyayenku, matarsa tana bakin mutuwa, buhu uku ne abin tayar da jijiyar wuya? Ɗanladi, kwamitin ne ya kamata ya ji kunya, ba kai ba.

Malam Bitrus:
Yohanna, ban ce katikis ba ya shan wahala ba. Na zauna a tarurruka da yawa ina faɗan haka. Amma in za a taimake shi, da rana ake yi, a gaban jama'a, a rubuta. Abin da aka yi da dare a bakin zaure, mai yin sa ma ya san da lauje cikin naɗi.

Ɗanladi:
Baba Bitrus na gode, amma ba ku gane ba. Da dare ya zo saboda da asuba za a wuce da ita asibiti, ba don ɓoyo ba. Shugaban kwamitin kuma ba ya ga maciji da Katikis tun rigimar iyakar gona, da na je wurinsa cewa zai yi a'a, kuma kafin azahar duk gari ya ji. Rai ake magana. Ko Ubangiji ai ya warkar ran Asabar. Zuwa gidan Fada kuma, ta yaya zan kai ƙarar mahaifin matata?

Rifkatu:
Tsaya tukuna. Katikis ɗin surukinka ne? Me ya sa ba ka faɗa tun farko ba? Wato marar lafiyar surukarka ce. Ai wannan ya canza magana gaba ɗaya. Mutanen gari ba za su ce ma'aji ya taimaki katikis ba, cewa za su yi ya kwashe hatsin coci ya kai gidan surukai. Matarka ta sani?

Ɗanladi:
Ba ta sani ba. Ita a tunaninta bijimi babanta ya sayar. Ban ga amfanin faɗin surukuntar ba ne, don ko ba surukina ba ne zan ba shi. Kuma ku da kuka san al'adarmu, ko sunansa ba na iya kira, in na hango shi a hanya ratsewa nake yi. Da wane bakin zan ce masa Baba ina masarar?

Audu Mai Babur:
Kai dai ka cika ɗakin kawai a wuce wurin. Ka samu mai hatsi a garinku ya ara maka buhu uku ka jera, Fada ya ƙirga goma sha huɗu ya hau motarsa, ka mayar wa mai shi. Kafin lokacin sayarwa Allah zai kawo mafita. Ni na sha kai Fada ƙauyuka a babur da damina, ba ya kwance bakin buhu. Ko kuma ka faɗa masa a wurin furta zunubi, ka ga ka sauke nauyi, shi kuma bakinsa a ɗaure yake, ba zai iya ɗaga maganar ba.

Malam Bitrus:
Audu, ka ji tsoron Allah. Gaskiya ne abin da aka faɗa wa Fada a wurin furta zunubi ba ya fita ko za a yanka shi, doka ta 983 ke nan, ta 984 kuma ta hana shi yin aiki da abin da ya ji a can. Amma wanda ya shiga don ya ɗaure bakin Fada ba tuba ya je yi ba, wayo ya je yi, kuma Wanda ake yi wa wayon ba Fada ba ne. Sannan abin da aka ɗauka sai an mayar, Fada zai gaya masa haka a can ɗin ma. Kai kuma Ɗanladi, kowane Katolika wajibi ne ya karɓi jibi aƙalla sau ɗaya a shekara a lokacin Ista. Haka za ka zauna a dakali kana kallon mutane suna layi? Tsofaffin matan garinku sun riga sun ƙirga makonnin da ba ka tashi ba, ka yarda da ni.

Saratu:
Ni abin da ya fi ba ni haushi, Fada bai san halin da katikis ɗinsa ke ciki ba? An yi wa matar mutum aiki a asibiti wata uku ke nan, ba wanda ya tambaya da me aka biya? Mu a wajen Jigawa sai da muka yi wata biyu da rabi ba Mas, kakata ta rasu ba ta samu shafewar marasa lafiya ba, amma da lokacin kai gudummawa babban cocin Our Lady of Fatima a Kano ya yi, saƙo bai ɓata hanya ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Rifkatu:
Saratu, Fada ɗaya da rassa goma, shi ma mutum ne. Ɗanladi, ka sayar da wani abu naka ka cike gurbin, sannan ka gaya wa Fada a keɓe. Ba ka da dabba? Buhu uku ai ba zai gagara ba.

Ɗanladi:
Shanun huɗa biyu ne, ɗaya na yayana ne, in na sayar da nawa da me zan yi noma bana? Kuma gaskiya ba uku ba ne cif. Akwai buhun dawa ɗaya da na sayar a watan Fabrairu. Wani ɓangare na sayi mai da kaza ranar da Fada ya zo, saura na biya kuɗin jarabawar ɗana da niyyar in mayar in na sayar da gyaɗa. Wannan kam nawa ne, zan biya. Ba shi ne matsalar ba.

Malam Bitrus:
Shi ne matsalar. Da farko uku, yanzu huɗu. Da farko katikis, yanzu suruki. Ɗana, in muka ƙara kwana biyu a nan buhu nawa za su rage? Ka je ka ƙirga ɗakin nan da shaida biyu yau ɗin nan, ka rubuta abin da ka gani, ka miƙa makullin. Na ga irin wannan a wani reshe, gida bakwai suka koma cocin ECWA a kan kuɗin siminti, har yau ba su dawo ba.

Yohanna ɗan Katikis:
To in ya faɗa aka sauke tsohon fa? Wa zai buga ƙarfe ran Lahadi? Malam Bitrus ne zai taso daga birni ya yi musu Hanyar Gicciye? Ni shawarata ka samu wani dattijo sa'an surukinka ya je masa, ku je wurin Fada ku uku, a mai da buhu ukun taimako daga coci. Na dawar kuma ka biya shiru.

Maman Ladi:
A mai da shi taimako, matan kuma su ci gaba da kifa kwano a ka. Bandir nawa buhu huɗun nan za su saya? Ba wanda ya tambayi matan da suka ɗauko masarar nan a ka daga gona.

Ɗanladi:
Na karanta duka, na gode. Baba Bitrus, ni ba ɓarawo ba ne, da ɓarawo ne ni da ban zo nan na tona kaina ba. Makullin nan mahaifina ya riƙe, ba zan miƙa shi kamar wanda aka kama ba. Jiya bayan Hanyar Gicciye na bi surukina har ƙofar gida da niyyar magana, na tarar surukata tana zaune a tabarma, karo na farko da ta fito waje tun aikin, ta ce a kawo mini fura. Na sha na yi musu sai da safe. Dattijon da Yohanna ya ce, wanda ya dace ɗin ƙanin shugaban kwamiti ne. Audu, wanda zai iya ara mini buhunan Musulmi ne maƙwabcinmu, mutumin kirki, amma sai ya tambayi dalili. Saura kwana takwas.

Audu Mai Babur:
Ka ce masa baƙi za ka yi.

Malam Bitrus:
Ka ƙirga ɗakin ko ba ka ƙirga ba?