Da Me Za a Auna Tasirin Mai Binciken Ƙwayoyin Halittar Sankara da Ƙwaƙwalwa?

Waɗanda suka tattauna batun sun haɗu a kan abu ɗaya: yawan ambaton da aikin mai bincike ya samu a maƙalolin wasu masana ba ya wadatarwa wajen auna tasirinsa. Ma'aunin h, mai haɗa yawan maƙalolin mutum da yawan ambatonsu, wanda masanin kimiyya Jorge Hirsch ya kawo a 2005, yana fifita wanda ya daɗe a fage. Ga kuma matsalar manyan ayyukan haɗin gwiwa irin na TCGA, shirin nazarin ƙwayoyin halittar sankara a Amurka, inda maƙala ɗaya kan ɗauki ɗaruruwan sunaye. Shawararsu ita ce a duba rawar da mutum ya taka: shi ya tsara binciken, ko samfuri kawai ya bayar?

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne a bi sawun binciken har gadon majinyaci. A 2008 aka gano sauyin ƙwayar halitta mai suna IDH1 a sankarar ƙwaƙwalwa. Zuwa 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da shi cikin rabe-raben ciwon, likitoci suka fara hasashen makomar majinyaci da shi. Wannan tasiri ne na gaske.

Wasu sun ƙara da a ƙirga ɗaliban da mai binciken ya yaye da bayanan da ya saki kowa ya amfana.